Sulhu Tsakanin Miji Da Mata

Darasinmu na yau a kan zaman aure ne, musamman abin da ya kamata a yi in miji da mata sun saɓa. Ba mu tsammanin akwai wanda ke zaune cikin ajin nan da bai taɓa ganin mace ta ɗaure ƙunshin kayanta ta yi yaji ba. Wani ƙanwarsa ce, wani 'yarsa, wani kuwa matarsa ce ta kansa. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani dai ba makawa. Abin tsoro shi ne a rasa mai shiga tsakani, har ƙanƙanuwar magana ta kai ga saki.

Ko labarin kafuwar Daura ma bai rasa irin wannan ba. Kowa ya san yadda a ke ba da shi. Bayajida ya sauka garin da dare, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Sarauniya Daurama. An ce ta ba shi kuyanga, Bagwariya, ta haifa masa ɗa aka sa masa suna Karbagari. Da Daurama ta sami nata ɗan, sai ta sa masa Bawo, watau a mayar da garin. Ku duba fa, har sunayen 'ya'ya sun zama habaici tsakanin mata biyu. To, in gidan sarauniya bai tsira ba, ina gidan talaka?

Abin da addini ya shimfiɗa

Waɗansu suna cewa ba a shiga tsakanin miji da mata. In gulma a ke nufi, gaskiyarsu. Amma shiga domin gyara umurni ne na Allah. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 35, an umurci Musulmi in sun ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, su ɗauko mutum biyu, ɗaya daga dangin mijin, ɗaya daga dangin matar, su duba al'amarin. Malamai suna kiran waɗannan mutane biyu hakamai. A aya ta 128 ta wannan sura kuma an nuna wa mace hanya, in ta ga mijinta yana juya mata baya, su zauna su daidaita tsakaninsu, aka kuma yabi sulhu.

Ku lura, ba a ce a jira sai aure ya mutu ba. Tun ana jin tsoro a ke tashi. Kuma me ya sa kowane gefe da nasa mutum? Domin mace ba ta iya buɗe baki ta gaya wa baffan mijinta abin da ke damunta, kunya ba ta barinta. Amma ta gaya wa kawunta. Namiji shi ma akwai abin da ba ya faɗa a gaban surukai ko za a yanka shi. Sa'an nan dangi sun fi bare rufin asiri, gama in asirin ya tonu da su a ciki.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wannan aiki da kansa. Buhari ya ruwaito wata rana ya je gidan 'yarsa Nana Faɗima bai tarar da Sayyidina Aliyu ba. Ta gaya masa sun ɗan saɓa, ya yi fushi ya fita. Annabi ya sa aka nemo inda ya ke, aka ce yana masallaci a kwance. Ya tafi ya same shi mayafinsa ya zame, ƙasa ta ɓata masa jiki. Sai ya riƙa kakkaɓe masa ƙasar, yana ce masa ya tashi, yana kiransa Abu Turabi, watau mai ƙasa. Ga uban mace ya bi surukinsa har inda ya ke, bai zage shi ba, bai ce 'yarsa ta kwaso kayanta ba. Sayyidina Aliyu kuwa ba shi da sunan da ya fi so kamar wannan.

Akwai wani labari kuma na zamanin Halifa Usmanu, wanda ya yi mulki daga 644 zuwa 656. Aƙilu ɗan Abu Ɗalibi, wan Sayyidina Aliyu, yana auren Faɗimatu 'yar Utba. Ubanta Utba da baffanta Shaiba an kashe su a yaƙin Badar, a 624, suna gefen Ƙuraishawa. In Aƙilu ya shigo ɗaki sai ta riƙa tambayarsa ina su ke. Kullum yana yin shiru. Ran nan ya shigo a gajiye, ta sake tambaya, sai ya ba ta amsa mai zafi, ya ce suna wuta. Ta tashi ta kai ƙara wurin Halifa. Halifa ya aiki Ibnu Abbas, ɗan baffan Aƙilu, da Mu'awiya, ɗan 'yar'uwar matar. Ibnu Abbas ya ce shi raba su zai yi. Mu'awiya ya ce shi ba ya raba dattawa biyu na gidan Abdu Manafi. Suna isa, sai suka tarar ma'auratan sun rufe ƙofarsu, sun riga sun shirya. Suka juya suka yi tafiyarsu. Duk dattijon da ya taɓa zuwa biko ya san irin wannan, ka sha rana ka je, ka tarar masu faɗan suna cin tuwo akushi ɗaya.

Littattafan alƙalanmu

Mu a ƙasar nan mazhabar Imamu Malik mu ke bi, malamin Madina wanda ya rasu a 795. A wurinsa hakamai suna da ƙarfi ƙwarai. In sun yi iyakar ƙoƙarinsu sun ga zaman ba zai yiwu ba, suna da ikon raba auren da saki ɗaya, ko da mijin bai wakilta su ba. Saboda haka ba kowa a ke ɗauka ba. Sai namiji baligi, mai adalci, wanda ya san hukuncin abin da aka sa shi.

Littattafan da alƙalanmu su ke dubawa sun yi bayanin wannan filla-filla. Akwai Muhtasar na Shehu Halilu, mutumin Masar na ƙarni na 14, akwai kuma Tuhfa ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426. In mace ta yi ta kawo ƙarar cuta amma ba ta da shaidu, alƙali ya kan sa a zaunar da su kusa da mutanen kirki, waɗanda za su sa ido su ga mai cutar wani. In abin ya ƙi bayyana, sai a tashi hakamai. In sun ga laifin miji ne, su raba ba tare da ta biya kome ba. In laifin matar ne, ko su bar ta a hannunsa bisa amana, ko su raba ta mayar masa da wani abu na dukiya. Wannan mayarwa ita a ke kira hul'i. Asalinsa daga matar Sabitu ɗan Ƙaisu ne, wadda ta zo wa Annabi ta ce ba ta zargin mijinta da kome a addini ko hali, amma ba ta iya zama da shi. Aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ya sake ta.

Yadda abin ya zo mana

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi hijira a 1804 ya rasu a 1817, ya yi faɗa ƙwarai a littafinsa Nurul Albabi da mazan da su ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun kai, suna mora su ba su koya musu addini. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ɗauki tsofaffin mata ta karantar da su, ta naɗa su jajoji, suna bin ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata. Wannan ya shafi darasinmu, domin matar da ba ta san haƙƙinta ba, ko an kira ta sulhu ba ta san abin da za ta nema ba.

Wajen 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da tutar Shehu, gidan tsofaffin sarakuna ya fita, daga baya suka zauna Zango da Baure. A 1906 Turawa suka komo da Malam Musa gadon Daura. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi daga 1911 har 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar har 2007, aka naɗa Umaru Faruku Umar. A zamanin En'e matakan a fili su ke. Magana ta kan fara daga iyaye da waliyyai, in ta fi ƙarfinsu a je wa liman da mai unguwa, daga nan dagaci, sa'an nan hakimi ko alƙali. Turawa sun bar wa alƙalai shari'ar aure da gado, ƙarar aure kuwa tana cikin abin da ya fi cika ɗakin shari'a. A 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnati. Aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna a 1987, a shekara ta 2000 kuma jihar ta ƙaddamar da Shari'a.

Kada wani ya ce mutuwar aure ciwon zamani ne kaɗai. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, daga bakinta, aka buga shi a 1954. Baba aure huɗu ta yi, na farin kuwa auren zumunta ne da aka yi mata ba ta so. Mijin Baturiyar nan, M. G. Smith, shi ya rubuta babban littafi kan sarautar Daura wanda ya fito a 1978. Abin da ya sake a yau shi ne dattawan da ke tare ɓaraka sun yi nisa. Da, gandu ɗaya a ke, uba da 'ya'yansa da matansu, in murya ta tashi a wani sashe tsohuwa ta ji. Yanzu yaro yana Legas ko Abuja yana ci-rani, ya aiko da saki ta wayar hannu, ba wanda ya sani sai an ga yarinya a ƙofar gida da kaya.

Yaji da biko

Mu a ganinmu yaji ba abin zargi ba ne kullum. Sau da yawa shi ne hanyar da mace ta ke da ita ta sa manya su ji kukanta. Biko kuwa shi ne amsar miji. Sai dai akwai bikon gaskiya, akwai na jeka-na-yi-ka.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani manomi ne, damina ta kama, ba shi da kuɗin taki. Sai ya ja akuyar matarsa ya kai kasuwar Mai'aduwa ya sayar, bai gaya mata ba. Ta yi magana, ya ce duk abin da ke gidansa nasa ne. Ta mayar masa da baƙar magana a gaban kishiyarta. Gari na wayewa ta goya ɗanta ta tafi gidansu.

Bikon jeka-na-yi-ka shi ne a aiko abokin miji da goro da turmin atamfa, uba ya kira 'yarsa ya ce, "Tashi ki koma ɗakinki, aure haƙuri ne." Ta koma, maganar akuya tana nan a zuciyarta. Kafin kaka ta sake fitowa.

Ga yadda masu hankali su ke yi. Kawun matar ya kira ta ita kaɗai, ya ce, "Ke 'yar nan, gaya mini abin da ya fito da ke."

Ta ce, "Kawu, akuyar da Inna ta ba ni ce Malam ya sayar, ko shawara babu."

Ya ce, "Shi ke nan, ko da saura?"

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Wata biyu ke nan ni ke yin cefane da kuɗin ƙuli-ƙulina, ranar girkin abokiyar zamana kuwa shi ya ke bayarwa."

Kun gani, ashe akuya a bakin magana ta ke, cikinta rashin adalci ne tsakanin mata biyu. Da kawu bai ce ko da saura ba, da ba a ji ba.

Can kuma baffan mijin ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Ɗana, akuyar nan ta wa ce?"

Ya ce, "Baffa, ai taki na saya, gonar kuwa dukanmu ke ci."

Baffa ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Sa'an nan su biyu su haɗu a gaban liman. Liman ya gaya musu hukunci. Ci da sha da sutura da wurin kwana duk a wuyan miji su ke, ko matar ta fi shi dukiya. Sadakinta da dabbarta da ribar sana'arta nata ne, ba ya taɓawa sai da yardarta. Mai mata biyu kuwa wajibi ne ya daidaita kwana, ya ba kowace haƙƙinta na ciyarwa. Ita ma a gaya mata nata, cin mutuncin miji a gaban mutane ba daidai ba ne. A yanke magana, in an cire wake zai saya mata akuya kamar tata, kuɗin cefane kuma kowace ranar girkinta a ba ta. A sa rana. A nan ne kalmar haƙuri ta ke da amfani, bayan an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Mai sulhu ba ya kwasar maganar wannan ɗanya ya kai wa wancan. Ba ya yin zaman a gaban yara ko maƙwabta. In an gama kuma ya bar maganar a nan, kada ta bi shi dandali ko bakin rijiya.

Abin da a ke hasara

Me ya sa mu ke nacewa? Domin saki ƙidayayye ne. Suratul Baƙara, aya ta 229, ta nuna sau biyu ne miji ke da damar kome. In ya cika na uku, ba ta halatta gare shi sai ta auri wani aure na gaskiya, sun zauna, ya rabu da ita don kansa ko ya mutu. A mazhabarmu, wanda ya tara uku a baki ɗaya, uku ɗin sun auku. Sau nawa mu ke ganin mutum ya yi haka da rana cikin fushi, da dare yana bin malamai yana neman mafita? Daga nan a faɗa auren kisan wuta, wanda Annabi ya la'anci mai yinsa da wanda aka yi dominsa.

Akwai kuma hukuncin da yawancinmu mu ka yi wa riƙon sakainar kashi. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙi ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, ya hana ta fita, sai idda ta cika. Idda tsarki uku ce ga mai ganin al'ada, wata uku ga wadda ba ta gani, mai ciki kuwa sai ta haihu. In sakin na kome ne, ciyarwa tana kan miji duk tsawon kwanakin. Hikimar a fili ta ke, mutum biyu da ke kwana gida ɗaya wata uku, da wuya zuciya ba ta sauko ba. Mu kuwa takarda na shiga hannu, sai a kira mai amalanke ya kwashe gado da kwanuka.

'Ya'ya su ne ke shan wuyar. A littattafan Malikiyya uwa ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta auri bare ba, uba kuma yana ciyarwa. Al'adarmu ta kan karɓe yaro da an yaye shi, a miƙa wa kishiyar uwa ko kaka. Ku tambayi wanda ya tashi haka, ya ba ku labari.

Sababbin hanyoyi

Da hannun dangi ya yi rauni, sai hukuma ta fara shiga. Jihar Kano ta yi dokar Hukumar Hisba a 2003, sulhun ma'aurata kuwa yana cikin manyan ayyukanta na kullum. A 2012 ta fara aurar da zawarawa, karo na farko mata 100. Jihar Katsina ma daga baya ta kafa tata Hisbar. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana karantar da mata haƙƙoƙinsu. Maƙwabtanmu Kirista su ma fasto da dattawan ikilisiya su kan zaunar da masu shirin aure su yi musu gargaɗi, in an saɓa kuma wurinsu a ke fara zuwa.

A Maroko dokar iyali ta 2004 ta sa saki ya bi ta gaban alƙali, shi kuwa sai ya gwada sulhu tukuna, in akwai 'ya'ya ma sau biyu. Masar a wannan shekara ta buɗe kotunan iyali, da ofisoshin sasantawa a gefensu. A Ingila sai a 1938 aka kafa ƙungiyar ba ma'aurata shawara, wadda yanzu a ke kira Relate. Ku kwatanta da zamanin Halifa Usmanu.

Inda sulhu ya tsaya

Ba kowane aure ne a ke ɗinkewa ba, kuma mai sulhu ba shi da ikon tilastawa. Barira baiwa ce a Madina, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta, sai ta sami zaɓi, ta zaɓi rabuwa da mijinta Mugisu. Ya riƙa binta a hanya yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi ya ji tausayinsa ya yi mata magana ta koma. Ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai ya ke yi. Ta ce ba ta bukatarsa, aka kuwa ƙyale ta. In Manzon Allah bai tilasta wa 'yantacciyar baiwa ba, wane dagaci ne ko uba zai ɗaure 'yarsa da igiya ya mayar?

In mace ta zo da rauni a jiki, ko an bar ta da yunwa, ko miji ya tafi shekara da shekaru ba aike, wannan ya wuce goro da atamfa. A kai ta asibiti in da rauni, a sami shaidu, a tafi wurin alƙali. Mazhabar Malik ta ba ta ikon neman rabuwa saboda cuta in ta tabbata.

Aikin aji

Yawancin sulhun ƙauye da baki a ke yi, bayan wata shida kowa ya ce ba haka aka yi ba. Ku da ku ke koyon rubutu kuna iya maganin wannan. Kowa ya ɗauki takardarsa ya rubuta sulhun manomin nan da matarsa. A sama ku sa sunan gari da kwanan wata. A ƙasa ku rubuta abin da miji ya ɗauka zai yi da ranar da zai cika, da abin da matar ta ɗauka. Ku bar wuri huɗu na sa hannu ko dangwala yatsa, na miji, da na mata, da na kawu, da na baffa. Takarda biyu a ke yi, ɗaya a hannun waliyyin matar, ɗaya a wurin liman. Wanda ya gama ya kawo wa malamin aji ya duba.